Tambayoyi da Amsoshi: Wa Ke Da Ta Cewa Kan Fom ɗin Da Gwamnatin Amurka Ke Sa Mutane Cikewa?

Duk wanda ya taɓa riƙe fom na wata hukumar tarayyar Amurka, in ya duba da kyau zai ga ƙananan rubutu a kusurwa: wata lamba da haruffan OMB a gabanta, da ranar ƙarewar wa'adi, da ƙiyasin mintunan da cikewar za ta ci. Yawancin mutane ba sa ko kallonsu. Amma bayan wannan ɗan rubutu akwai doka, kuma dokar ta bai wa jama'a damar magana kafin a fitar da fom ɗin.

Wace doka ce wannan, kuma me ya jawo ta?

Sunanta Paperwork Reduction Act, wato dokar rage yawan cike takardu. Shugaba Jimmy Carter ne ya sa mata hannu a watan Disamba na 1980, sannan aka sake mata zubi a 1995 zamanin Bill Clinton. Kafin ita akwai wata tsohuwar doka ta 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka yi saboda ’yan kasuwa sun yi ta kuka cewa hukumomin yaƙi sun ishe su da neman rahotanni. Kukan bai ƙare ba. A shekarun 1970 Majalisa ta kafa kwamiti na musamman kan lamarin, kuma rahotonsa na 1977 ne ya share fagen dokar 1980.

Hujjar dokar ba ta da wuyar fahimta. Idan hukuma ta ƙara tambaya ɗaya a fom, ita ba ta biya komai ba. Mai kanti da manomi da tsohuwa mai neman fansho su ne za su biya da lokacinsu. Tunda mai tambaya ba ya jin zafin, sai aka ce dole wani daban ya duba kafin a bar shi ya tambaya.

Wa ke dubawar?

Wani ofishi ne da ake kira OIRA, wanda dokar 1980 ta ƙirƙiro a cikin OMB, ofishin kasafi da gudanarwa na fadar shugaban ƙasa. Ƙa'idar ita ce, duk hukumar tarayya da ke son yi wa mutum goma ko fiye tambayoyi iri ɗaya, sai ta nemi izini. Ba fom kaɗai ba: binciken jin ra'ayi, da tilasta wa kamfani ajiye bayanai, da umurtarsa ya bayyana wa jama'a wani abu, duk suna ciki. Ko da amsawar ta ganin dama ce, izinin wajibi ne. Amma ban da binciken manyan laifuka da shari'o'in da ke gudana da ayyukan leƙen asiri.

Izinin ba ya wuce shekara uku. Idan ya ƙare, sai hukuma ta sake bin layi daga farko, shi ya sa fom ɗin da aka shekara talatin ana amfani da shi ma yake dawowa gaban jama'a lokaci-lokaci.

A wane mataki jama'a ke shigowa?

Sau biyu. Da farko hukumar za ta buga sanarwa a Federal Register, jaridar sanarwar gwamnatin tarayya da ke fitowa kowace ranar aiki tun 1936, ta ba da kwana 60 don a aiko mata da ra'ayi. Bayan ta karanta abin da aka aiko, ta gyara ko ta ƙi gyarawa, sai ta miƙa buƙatar ga OIRA tare da sanarwa ta biyu mai kwana 30. A wannan zagayen ra'ayin yana tafiya ne kai tsaye ga masu ba da izinin. Na farko galibi ta shafin regulations.gov ake aikawa, na biyu kuma ta reginfo.gov, inda mutum zai iya buɗe takardar hujjar da hukumar ta rubuta, ya ga amsar da ta bayar kan ƙorafin zagayen farko.

Mutane da yawa suna rubutu a zagayen farko su manta da na biyu. A ganina na biyun ya fi daɗin aiki, domin a lokacin ka riga ka ga inda hukumar ta kauce wa maganarka, kana iya nuna wa mai dubawa wurin da yatsa.

Me ake so mutum ya faɗa?

Dokar ta fayyace abubuwa huɗu da kowace sanarwa ke neman ra'ayi a kansu: ko bayanin da ake nema yana da amfani na zahiri ga aikin hukumar, ko ƙiyasin lokacin da ta yi daidai ne, yadda za a inganta tambayoyin su fito fili, da yadda za a rage wa masu amsawa wahala, har da amfani da kwamfuta.

A cikin huɗun nan, na biyu ne wurin da talaka ya fi jami'in gwamnati sani. Jami'in da ya rubuta cewa fom zai ci minti talatin yana zaune ne a ofis, ya san ma'anar kowace kalma, takardunsa na gabansa. Wanda zai cike kuwa sai ya nemo tsohon rasit, ya kira ɗan uwansa ya tambayi shekarar haihuwar mahaifiya, ya jira intanet ta dawo. A ma'anar dokar duk wannan yana cikin lissafi: karanta umarni, da neman bayanan, da cikewa, da aikawa. Saboda haka wanda ya rubuta cewa tambaya ta kaza ta ɗauke shi awa biyu saboda dalili kaza, ya ba da shaidar da hukumar ba ta da ita a hannu. Wanda ya rubuta cewa gwamnati azzaluma ce, ya sauke abin da ke ransa, amma babu layin da mai dubawa zai ɗora maganarsa a kai.

Kuma lissafin yana da nauyi saboda ninkawa ake yi. Minti goma a fom ɗin da mutum miliyan shida ke cikewa ya zama awa miliyan ɗaya. Idan aka haɗa na dukkan hukumomi, ƙiyasin gwamnati da kanta ya haura awa biliyan 10 a shekara, kuma fiye da rabi daga Ma'aikatar Baitulmali yake, wato takardun haraji.

Wanda ba ɗan Amurka ba zai iya rubutawa?

Zai iya. Ba a neman shaidar zama ɗan ƙasa, kuma akwai fom ɗin da baƙi ne kaɗai ke cike su. Mai neman bizar ziyara ko ta karatu daga Kano, wanda zai je ganawa a Abuja ko Legas, da takwaransa na Yamai ko Akara, duk fom ɗaya suke cikewa ta intanet, DS-160, kuma wannan doka ce ke iko da shi.

Tarihin fom ɗin ma darasi ne. A ƙarshen Maris na 2018 Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga sanarwar kwana 60 cewa tana so ta fara tambayar masu neman biza sunayen da suka yi amfani da su a kafofin sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce. Ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 14 ne abin zai shafa a shekara a ɓangaren bizar wucin gadi, kowane minti 90, jimilla awa miliyan 21. Ƙungiyoyin kare ’yanci sun rubuta adawa, suna cewa tambayar za ta sa mutane su riƙa tsoron faɗin ra'ayinsu a Facebook da Twitter. OIRA ta amince duk da haka, kuma a ƙarshen Mayu na 2019 tambayar ta bayyana a fom ɗin. A watan Disamba na shekarar wasu ƙungiyoyi biyu na masu shirya finafinan gaskiya suka garzaya kotu.

Shi kuwa batun minti 90, duk wanda ya taɓa zama a shagon intanet yana haɗa adireshin makarantu da tarihin aiki da ranakun tafiye-tafiye, shafin yana fitar da shi yana sake shiga, ya san abin da zai ce a kai.

To idan aka yi adawa kuma aka amince, ina amfanin rubutun?

Tambaya ce mai kyau, kuma gara a faɗi gaskiya: wannan ba ƙuri'a ba ce. Ko mutum dubu ɗari suka ce ba sa so, babu abin da ya tilasta wa OIRA ta ƙi. OIRA ɓangare ce ta fadar shugaban ƙasa, kuma idan manufar daga fadar ta fito, da wuya ofishin da ke ƙarƙashinta ya tare hanya. Batun tambayar zama ɗan ƙasa a ƙidayar 2020 ya nuna haka. Sakataren Kasuwanci Wilbur Ross ya sanar da ƙara ta a Maris na 2018, jama'a suka yi ta rubutu, amma abin da ya tsayar da ita shi ne Kotun Ƙoli a watan Yuni na 2019, inda Alƙalin Alƙalai John Roberts ya ce dalilin da aka bayar na ƙagawa ne.

Amfanin yana a wurare biyu. Na farko, mafi yawan sanarwar nan ba su da alaƙa da babbar siyasa. Fom ne na rancen manoma, ko rahoton asibitoci, ko takardar shigo da kaya, kuma da yawa daga cikinsu ba mai aiko da ko layi ɗaya. A irin waɗannan, wasiƙa guda da ta nuna cewa tambaya ta bakwai maimaicin ta uku ce, ko wata hukumar ta riga ta mallaki bayanin, tana iya sa a cire ta, don babu wanda zai yi asarar komai. Na biyu, hukuma dole ta taƙaita ƙorafin da ta samu ta faɗi matakin da ta ɗauka, kuma wannan rubutun yana zama a ajiye. Lauyan da zai kai ƙara daga baya, daga nan yake fara tono.

Shin OIRA ta taɓa taka wa hukuma birki kuwa?

Ta taɓa, har ta jawo rigima. A 2016, ƙarshen mulkin Barack Obama, an amince wa hukumar daidaita damar aiki ta EEOC ta fara karɓar bayanan albashi daga manyan kamfanoni bisa jinsi da launin fata, don gano bambancin biya. A watan Agusta na 2017, bayan sauyin gwamnati, OIRA ta dakatar da hakan tana cewa nauyin ya yi wa kamfanoni yawa. Ƙungiyoyin mata da ma'aikata suka kai ƙara, kuma a Maris na 2019 mai shari'a Tanya Chutkan ta ce dakatarwar ba ta da isasshiyar hujja, ta maido da shirin. Abin lura a nan shi ne dokar wuƙa ce mai baki biyu: tana kare mutum daga tambayar banza, tana kuma iya zama hanyar hana gwamnati sanin abin da wasu ba sa so a sani.

Hukumomi masu cin gashin kansu, irin su mai kula da kasuwar hannayen jari, suna da wata mafita: idan OIRA ta ƙi, mambobinsu na iya yin watsi da ƙin da rinjayen ƙuri'a.

Ana iya tsallake kwana 60 ɗin?

Ana iyawa, ta hanyar neman izinin gaggawa, wanda ba ya wuce kwana 180. Da wannan ƙofar aka shigo da fom ɗin ƙarin tambayoyi na DS-5535 a watan Mayu na 2017, wanda ke neman tarihin tafiye-tafiye da adireshi da aiki na shekara 15 daga wasu masu neman biza da jami'i ya ga suna buƙatar ƙarin bincike. Daga baya aka bi hanyar da aka saba don sabunta shi, amma a lokacin an riga an fara aiki da shi.

Idan fom ba shi da lambar OMB fa?

Dokar ta ce ba za a hukunta kowa ba don ya ƙi amsa tambayoyin da ba su ɗauke da sahihiyar lamba. Kariya ce ta gaske, sai dai wasu sun wuce gona da iri da ita. An sha samun masu ƙin biyan haraji da suka kafa hujja da wannan sashe, kotuna kuma suka sha yin watsi da su, bisa cewa wajibcin shigar da takardar haraji Majalisa ce ta ɗora shi da doka, ba hukuma ce ta ƙirƙiro ba.

Dokar ta rage takardun kuwa?

Idan jimillar sa'o'i ake kallo, a'a. Ta fi yadda take a da. Babban dalili shi ne Majalisar da ta yi dokar ragewa ita ce ke yin sababbin dokoki kowace shekara, kowace da rahoton da take buƙata, kuma OIRA ba ta da ikon soke abin da Majalisa ta wajabta. Akwai kuma wani ƙorafi daga cikin gwamnatin: bin matakan kan ci watanni da yawa, har jami'in da ke son ya tambayi mutum ashirin ko sun gane sabon shafin intanet sai ya fasa, ya fitar da shafin a yadda yake. An ɓullo da izinin bai-ɗaya don irin waɗannan ƙananan tambayoyi, abin ya ɗan yi sauƙi.

Wane hattara mai rubutu zai yi?

Abin da ka aika kowa zai iya gani a intanet, har da sunanka in ka sa. Kada ka rubuta lambar fasfo ko lambar waya ko bayanin buƙatarka da ke gaban wata hukuma, domin ba wurin bin kadin takarda ba ne, kuma babu wanda zai duba maka fayil daga can. Ka sa lambar sanarwar ko lambar OMB ta fom ɗin a farkon rubutunka, ka ambaci lambar tambayar da kake magana a kai, ka kawo lafazin da kake ganin ya fi. Da Turanci ake rubutawa, amma ba a neman na lauyoyi. Ka kuma duba ranar rufewa da agogon gabashin Amurka, wanda Najeriya da Nijar ke gabansa da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara.