Binciken Farfesa Khan: ciyawa biyu da ke kare masara daga tsutsa da wuta-wuta

Manoman masara a yammacin Kenya sun daɗe suna fama da abokan gaba biyu: tsutsar da ke huda kara ta cinye cikinsa, da wuta-wuta mai manne wa saiwa ta tsotse abincin shuka. Farfesa Zeyaur Khan, masanin ƙwari ɗan asalin Indiya da ya yi wannan aiki a icipe, cibiyar binciken ƙwari da ke Kenya, shi ne ya jagoranci binciken da ya samo mafita ba tare da feshi ba, tare da Farfesa John Pickett, wanda a lokacin yake cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. A tashar Mbita da ke gaɓar tafkin Victoria aka yi gwaje-gwajen, kuma dabarar ta fara isa gonakin manoma a 1997. Sunanta kora da jawowa.

Ana shuka desmodiya, wata ciyawa dangin wake, a tsakanin layukan masara don ƙamshinta ya kori ƙwaron dare mai saka ƙwan tsutsar. A gefen gona kuma sai a kewaye da ciyawar Napier, wadda ke jawo ƙwaron ya saka ƙwai a jikinta. Da tsutsar ta ƙyanƙyashe ta fara huda, ciyawar sai ta fitar da danƙo ya riƙe ta, yawancinsu nan suke mutuwa.

Maganin wuta-wuta kuwa ba a nemo shi da gangan ba. An lura ne cewa inda desmodiya take, wuta-wuta na ɓacewa, sannan aka bi diddigi. Saiwar desmodiya na fitar da sinadarai iri biyu: ɗaya ya yaudari irin wuta-wuta ya tsiro, ɗayan ya hana shi kama saiwar masara, sai ya mutu da yunwa. Wannan babban al'amari ne, domin irin wuta-wuta na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Cibiyar icipe ta ba da rahoton cewa amfanin hekta ya tashi daga kusan tan 1 zuwa tan 3.5.

Sai dai dabarar tana da ƙa'ida, kuma wanda ya yi mata riƙon sakainar kashi ba zai ga komai ba. Kada filin ya wuce mita 50 a kowane gefe, domin in ya yi faɗi tsakiyarsa ta yi nisa da tarkon, wato Napier ɗin da ke gefe. A dasa Napier layi uku, santimita 75 tsakanin layuka, 50 tsakanin tushe da tushe. Kowane yankin karan Napier da za a dasa ya kasance da gaɓa uku, a binne biyu a bar ɗaya a waje. A bar hanya ta mita 1 tsakanin ciyawar da masara, in ba haka ba za su yi takarar ruwa da taki. Masarar kanta santimita 75 tsakanin layuka, 30 tsakanin ramuka.

Wajen desmodiya aka fi yin asara. Irinta ƙanana ne ƙwarai, kilo 2.5 ya ishi hekta guda. A gauraya shi da yashi mai laushi don ya bazu daidai, a ja ɗan layi mai zurfin santimita 1 zuwa 2, a rufe da ƙasa kaɗan. Wanda ya binne shi da zurfi ya yi asarar kuɗinsa. Tana tasowa a hankali, saboda haka noman farko a sati na uku, na biyu a sati na biyar, kuma kusa da layinta da hannu ake cire ciyawa, don fartanya ba ta bambance ta da haki. In ta yi ƙarfi kuma sai a riƙa datse ta kafin sabuwar shuka, kada ta danne ƙananan masara. Kada a nome ta bayan girbi: shuka ce mai shekaru, kuma ƙarfinta a kan wuta-wuta ya fi bayyana daga damina ta biyu. Dabbobin da aka saki a gona da rani suna iya cinye ta har tushe.

Ana yanka Napier idan ta kai mita 1 zuwa 1.5, layi ɗaya bayan ɗaya, a bar kututture kamar santimita 10. Kada a share layukan uku lokaci guda. Ita da desmodiya abinci ne mai kyau ga shanun madara.

Binciken bai tsaya nan ba. Lokacin da fari da wata cutar tsumburewa suka addabi Napier, sai aka koma ga ciyawar Brachiaria da wani nau'in desmodiya da ake kira mai koren ganye, waɗanda suka fi jure ƙarancin ruwa. Baƙuwar tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta shigo Afirka a 2016 ma an ga ɓarnarta ta ragu sosai a irin waɗannan gonaki. Wasu masana daga baya sun nuna cewa ƙananan gashin jikin desmodiya na kama tsutsotsi su mutu, har ake muhawara ko ƙamshinta ne ya fi aiki ko gashin. Manomin da zai fara, ya gwada a ƙaramin fili tukuna, inda wuta-wuta ta fi yawa, ya kuma bar wani yanki na desmodiyar ya yi iri, domin samun irinta shi ne abin da ya fi wuya.