Madobiya da madaci: abin da doka ta ce kan sare su da sayar da su

Duk wanda ya bi titunan Marwa, a arewacin Kamaru, ya sha inuwar madaci. Ɗan gida ɗaya ne da darbejiya, dangin da masana ke kira Meliaceae, kuma a daji ya fi son bakin rafi da ƙasa mai danshi. Madobiya kuwa dangin wake da ɗorawa ce. Tana fitowa a kan tudu da tsakuwa, tana jure gobarar daji, da rani ta yi furanni rawaya, in an sare ta ruwanta ya fito ja kamar jini. Makiyaya sun san ganyenta sarai.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa madobiya cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, madaci kuma haɗarinsa mataki ɗaya ne a ƙasa da nata. Abin da ya cinye madobiya shi ne kasuwar Sin, inda ake ƙera kujerun alfarma da katakonta, wanda dillalai ke kira koso.

Yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin tsirrai da namun daji masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru da Chadi ke ciki, ta sa madobiya a jerinta na biyu tun Janairun 2017, madaci ya biyo baya a 2023. Shiga wannan jeri na nufin ba a tsallake iyaka da gungume ko katako sai da takardar izini daga ƙasar da aka saro shi, kuma kafin a ba da takardar sai masana sun tabbatar saran ba zai kassara itacen ba. A 2022 lamarin madobiya ya ƙazanta har aka dakatar da cinikinta daga ƙasashe da dama, Kamaru da Chadi na ciki. Ni a ganina an makara, domin tirela-tirela sun riga sun wuce.

Mutane kan tambaya: to mai sassaƙar ɓawon madaci don maganin zazzaɓi fa? CITES ba ta taɓa shi ba, katako da iyaka ne nata. Shi dokar gandun daji ta Kamaru ce ke kansa, ta 1994 da aka sabunta a Yulin 2024. Ta amince mazauna kusa da daji su ɗebi na amfanin gida, ban da nau'in da aka kare. Wanda zai sara ya sayar, sai ya fara neman izini wurin ma'aikatan gandun daji.