Zaunar da abin da aka koya: aikin da ƙwaƙwalwa ke yi mutum yana barci

Idan aka ce karatu ya zauna wa mutum, ana nufin ya wuce matsayin "na taɓa ji", ya kai inda ko an tashe shi da tsakar dare zai kawo shi. Masu binciken ƙwaƙwalwa suna da kalmarsu ta wannan zama, konsolideshan, wadda tushenta Latin ne, ma'anarta kuwa abu ya daskare ya yi ƙwari. Wasu Jamusawa biyu, Georg Müller da Alfons Pilzecker, su suka shigo da ita wannan fanni a 1900. Sun lura cewa idan mutum ya haddace jerin kalmomi, nan take aka ɗora masa wani jerin, na farkon yakan zube masa. Ashe sabon abu a ƙwaƙwalwa ɗanye ne, kamar simintin da bai sha iska ba, duk wanda ya taka sai ya bar sawu. Kafin ya bushe yana buƙatar lokaci, kuma kaso mai tsoka na wannan lokaci a barci yake.

Kafin a zo ga barcin, sai an san inda abin yake fara sauka. A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfus. A 1953 likitoci a Amurka suka cire wa wani saurayi, Henry Molaison, mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu domin magance masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta lafa, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 sabon abu bai ƙara zauna masa ba. Ya gaisa da mutum yanzu, an jima kaɗan ya sake gaishe shi kamar baƙo. Abubuwan da ya sani tun yana yaro kuwa suna nan. Daga nan aka gane cewa hifokamfus masauki ne na wucin gadi, yana karɓar sabo da sauri, amma mazaunin dindindin yana ɓawon ƙwaƙwalwa, wannan shimfiɗa mai lanƙwashe-lanƙwashe da ta lulluɓe saman. To yaushe ake kwashe kaya daga masauki zuwa gida?

Tun 1924 aka fara ganin alama. A Jami'ar Cornell, John Jenkins da Karl Dallenbach sun riƙa ba wa ɗalibai biyu gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana guda 10 su haddace, wani lokaci su kwanta, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu. Bayan awa 8, idan barci aka yi, ana tuna rabi ko fiye. Idan ido biyu aka zauna, da ƙyar ake kawo ɗaya. Sai dai su kansu masu gwajin sun ɗauka barci garkuwa ce kawai, yana hana sababbin abubuwa shigowa su tattake na baya. Wannan fahimta ta daɗe, domin babu mai iya leƙa kan mai barci ya ga abin da ake yi a ciki.

Na'urar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce wadda Hans Berger ya bayyana a 1929, mai ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake manna wa fatar kai. Da ita aka ga cewa barci hawa-hawa ne. Mutum yana zagayawa daga mara nauyi zuwa mai nauyi, sannan ya shiga matakin da idanu ke ta kai-komo a ƙarƙashin fata, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Shikago a 1953, kuma a nan aka fi yin mafarki. Kowane zagaye kamar minti 90 ne, ana yin 4 zuwa 6 a dare. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki ya fi yawa gab da wayewar gari.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne kiɗa uku, wato salo uku na motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, da ke tashi a barcin da ba na mafarki ba, kowanne daga sashensa.

Na farko babbar igiya ce mai nawa, daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ba ta cika kaiwa sau ɗaya a daƙiƙa ba. Miliyoyin ƙwayoyin jijiya sai su yi tsit gaba ɗaya, sannan su farka gaba ɗaya, su sake yin tsit. Mircea Steriade ya fayyace ta a 1993. Na biyu daga talamus yake fitowa, mahaɗar da saƙonnin ido da kunne da fata ke bi kafin su isa ɓawo. Kaɗawa ce ta kusan sau 12 zuwa 15 a daƙiƙa, ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, tana farawa siririya, ta kumbura a tsakiya, ta sake sirancewa. A kan takarda siffarta sak ta mazari da zare a jikinsa, shi ya sa ma sunan da masana suka ba ta ke nan, mazarin barci. Na uku kuwa wata gajeriyar karkarwa ce daga hifokamfus, mai tsananin sauri, sau 150 zuwa 250 a daƙiƙa a kan ɓera, ba ta kai haka ba a kan mutum, kuma kafin ƙiftawar ido ta wuce.

Sirrin yana cikin jituwarsu. Lokacin da babbar igiya ta ɗaga, ɓawo ya farka yana shirye ya karɓa, a daidai nan mazari ke tasowa. A cikin kwarin kowace kaɗawa ta mazarin kuma karkarwar hifokamfus ke samun gurbi ta zauna. Babba ya goya matsakaici, matsakaici ya goya ƙarami. Idan ukun suka faɗo a tare, saƙon da hifokamfus ya aiko yana isa ne a sa'ar da mai karɓa ke tsaye a bakin ƙofa. Idan suka saɓa, saƙo ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Me ke cikin karkarwar? Bita ce. Akwai ƙwayoyi a hifokamfus da kowacce ke kunnuwa idan dabba ta isa wani takamaiman wuri, waɗanda John O'Keefe ya gano a 1971, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2014. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin da suka kunnu tare lokacin da ɓera ke yawon neman abinci suna sake kunnuwa tare bayan ya yi barci. Binciken da ya biyo baya ya nuna har jerin ma ana maimaitawa, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka bi hanyar, sai dai a gaggauce, tafiyar daƙiƙoƙi ta koma ɗan taƙi. A 2009 wasu masana, cikinsu har da György Buzsáki, suka riƙa katse karkarwar da ɗan lantarki duk sanda ta taso. Ɓerayen sun yi barcinsu, amma koyon hanyar ya yi musu wuya. Wannan ya nuna bitar ba amsa-kuwwa ba ce kawai, aiki take yi.

A kan mutane ma an gwada, ta hanya mai daɗin ji. A 2007, a Lubek ta Jamus, Björn Rasch da Jan Born da abokan aikinsu sun sa mutane koyon wuraren da katunan hoto suke, ana busa musu ƙanshin furen wardi. Da suka shiga barci mai nauyi sai aka sake sakin ƙanshin. Da safe sun fi tuna wuraren katunan. Da aka saki ƙanshin a barcin mafarki, bai ƙara komai ba. Wanda kuma bai shaƙi ƙanshin lokacin koyo ba, shaƙarsa a barci ba ta amfane shi ba. Ƙanshin tuni kawai ya yi wa hifokamfus, ya ce ga abin da za ka bita.

Ba kowa ne ya tsaya a kan wannan bayani ba. Giulio Tononi da Chiara Cirelli na Jami'ar Wisconsin suna ganin babban aikin barci ragewa ne: da rana mahaɗan jijiyoyi suna ta ƙara kauri, da dare a sassabe su, masu rauni su faɗi, masu ƙwari su fito fili. Ni dai ban ga abin da zai hana biyun tafiya tare ba, mai gyaran itace ma yana sare wani reshe ne don wani ya yi ƙarfi.

Jituwar nan tana lalacewa da shekaru. Barci mai nauyi yana raguwa yayin da mutum ke manyanta, kuma wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2018 ya nuna cewa a kan tsofaffi mazari yakan yi riga-malam-masallaci, ya taso kafin babbar igiya ta kai ƙololuwa. Gwargwadon saɓanin, gwargwadon mantuwar da aka wayi gari da ita.

Wannan ne ya sa ake ta ƙoƙarin gyara kiɗan daga waje, da ɗan sautin da ake saki daidai lokacin da igiya za ta ɗaga. A ɗakin gwaji an ga amfani, amma ba mai yawa ba, kuma ba a kowane gwaji ba. Don haka duk mai tallar cewa a kunna darasi a kwanta a tashi da sabon harshe a baki, a yi masa kallon tsanaki. Tun 1956 Charles Simon da William Emmons suka karanta wa mutane tambayoyi da amsoshi cikin dare, na'ura tana lura da ƙwaƙwalwarsu. Abin da aka faɗa suna gyangyaɗi, sun kawo wani abu daga ciki da safe. Abin da aka faɗa bayan barci ya ɗauke su sosai, babu wanda ya tashi da shi.