Me ake nufi da piribayotik?

Kwanan nan kalmar piribayotik ta cika tallan madara da na abin sha, a rediyo kuma ana ta cuɗa ta da purobayotik. Purobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai, piribayotik kuwa abincinsu ne a hanji, tun da Glenn Gibson da Marcel Roberfroid suka raɗa sunan a 1995. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake liƙa sunan ga duk sugan da ya ɗan yi tsawo, ba a duba yadda aka ƙulla shi ba.

Mu ɗauki GOS, wato galakto-oligosakarayid, wani nau'in piribayotik. Daga laktos, wato sugan madara, ake yin sa, da inzayim, wato sinadarin da ke yanka ko ƙulla wasu sinadarai, mai suna beta-galaktosides. Idan ruwan laktos ya yi kauri, inzayim ɗin yakan ciro galaktos, ɗaya daga cikin 'yan suga biyu da suka haɗa laktos, ya ƙulla a jikin wani suga. Idan ruwan tsararo ne, galibi yanka kawai yake yi. Aka bar shi ya wuce lokaci kuma, sai ya koma warware abin da ya ƙulla, shi ya sa ake tsayar da shi da zafi.

To, a wurin gwaji ake yin tuntuɓe. Na'urar auna nauyin sinadari za ta nuna cewa kowane ɗan suga yana ƙara dalton 162, GOS mai 'yan suga uku ya kama 504. Amma maltotirayos, wanda ke fitowa daga sitaci, shi ma 504 ne cif! Jiki yana narkar da shi ya zama gulukos tun a ƙaramin hanji, bai kai ga ƙwayoyin babban hanji ba balle ya ciyar da su. Bambancin yana wurin ƙullin: nasa alfa-1,4 ne, na GOS beta ne, wanda inzayim ɗin hanjinmu bai cika iya kwancewa ba. Shi kansa betan ba iri ɗaya ba ne. Inzayim na ƙwayar bakteriya Bacillus circulans ya fi ba da beta-1,4, na naman gwari Aspergillus oryzae ya fi ba da beta-1,6, kuma jinsunan Bifidobacterium, ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji, ba sa cin su daidai wa daida.

Don haka nauyi kaɗai bai wadatar ba. Sai an fara cire ragowar gulukos da laktos, a rarrabe sugan da kuromatogirafi, wato dabarar ware sinadarai, sannan a sa kowanne a NMR, na'urar da ke bayyana tsarin sinadari, ya nuna ko alfa ne ko beta, da kuma kan kabon na nawa aka yi ƙullin.