Allon karatu na e-ink: amsar tambayoyin ɗalibanmu na Madina

Ɗalibai Hausawa da ke shigowa Jami'ar Musulunci ta Madina, na Najeriya da Nijar da Gana, suna yawan tambayata game da allunan nan. Na yi amfani da ƙanana da manya, ga abin da na gani.

Me ya raba shi da iPad ko waya?

Fuskar waya fitila ce da ke haska maka ido. Ta e-ink kuwa cike take da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare, wuta ce ke turo wasu sama ta mai da wasu ƙasa har rubutu ya fito. Da zarar shafi ya zauna ba ya ƙara jan wuta sai ka juya, shi ya sa cajin ƙaramin Kindle ke kai makonni. Fasahar ta fito daga jami'ar MIT ta Amurka, aka kafa kamfanin E Ink a 1997, Amazon ya fito da Kindle a 2007. Ka tsaya a farfajiyar Harami da hantsi: waya sai ka kāre ta da tafin hannu, wannan kuwa rana ƙara fito da rubutunsa take yi.

Malam, wanne zan saya?

Kafin in ba ka amsa sai na ji abin da kake karantawa, domin a nan maganar take. Mafi yawan littattafan da ɗalibin ilimi ke tarawa PDF ne da aka ɗauki hoton shafukansu, ba ka da ikon ƙara girman haruffa su sake jeruwa. A kan allo mai inci 6 ko 7 matani zai karantu da ƙyar, amma hashiya da ta'alikin mai tahkiki a ƙasan shafi sai su koma kamar tururuwa. Ka ja shafin ya girma, ka tura dama, ka tura hagu, allon kuma yana ɗan jinkiri a kowane motsi. Kafin ka gama mas'ala ɗaya ranka ya ɓaci. Inci 10 da ɗoriya ne ke ɗaukar shafin littafi cikakke, wasullan ma su fito.

Masu wannan girma akwai Kindle Scribe na 2022 mai inci 10.2, da Kobo Elipsa, da reMarkable 2 na ƙasar Norwe, da allunan Boox na Sin. Ni dai Boox nake nuna wa ɗalibi, saboda Android ne a ciki, za ka iya sa Shamila, manhajar da ta tara littattafan addini na Larabci, da ƙamus da manhajar Alƙur'ani. Wanda labarai da littattafan EPUB, waɗanda haruffansu ke sake jeruwa daidai girman allo, kawai yake karantawa, ƙaramin Kindle ko Kobo ya ishe shi, kada ya ɓarnatar da kuɗin alawus.

Rubutu da alƙalamin yana da daɗi?

Yana da shi ƙwarai. A darasin bayan Magariba nakan ɗora allon a cinya, littafin da shehi ke sharhi yana buɗe, ina rubuta fa'ida a gefen shafin da Larabci, in ta yi nauyi in fassara wa kaina da Hausa a ƙasa. Hannu ba ya neman madannin ƙ ko ɗ, ajami ma yana tafiya. A wajen jin kamar biro na gogar takarda reMarkable 2 ya fi burge ni, sai dai ba shi da fitila, in abokin ɗakinka ya kashe wuta karatu ya ƙare. Bakin alƙalamin kuma yana cinyewa, ka ajiye na canji.

Mai launi fa?

Launin a dushe yake, fuskar kuma ta fi duhu. In ba Mus'hafin tajwidi mai launuka kake so ba, baƙi da fari ya fi kaifi.

A ina ake samu, me zan duba?

Ana samu a Amazon.sa, wanda ya gaji Souq a 2020, na hannu kuma a Haraj, shafin intanet na saye da sayarwa a Saudiyya. Na hannun ka buɗe farin shafi ka duba da kyau. Ƙarƙashin fuskar yawancinsu gilashi ne siriri. Wani abokina ya sa nasa a jaka tsakanin mujalladai biyu, da ya ciro rabin fuskar ya daskare da layuka, alhali babu tsaga a waje. Ka saya masa murfi mai tauri, kada kuma ka bar shi a mota da zafin Madina, da ke wuce digiri 40 a bazara.

To in daina sayen littafin takarda?

A'a. Wajen bincike, inda za ka baje mujalladai uku kana kai-komo tsakaninsu, allon yana da nawa, takarda ta fi shi nesa. Amfaninsa yana fitowa ran tafiya hutu, lokacin da akwati bai wuce kilo 23 ba, ga dabino da tsarabar iyaye na jiran wuri. Littattafan da kake darasi da su kullum ka saye su na takarda, manyan maraji'ai kuma ka zuba su a allo.