Kiɗan Heavy Metal

Heavy metal, ko kiɗan metal a taƙaice, reshe ne na kiɗan rok da ya tsiro a Ingila da Amurka a ƙarshen shekarun 1960, ya tsaya da ƙafarsa a farkon shekarun 1970. Ana gane shi da jita mai lantarki da aka ƙure wa murya har take gurnani, da ganguna masu sauka kamar ana sussukar gero, da mawaƙi mai buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa. Ma'anar sunan ita ce "ƙarfe mai nauyi", kuma da nauyin nan ma'abota kiɗan suke auna komai. Idan suka ce waƙa ta yi nauyi, to sun yaba mata ke nan.

A Gusau ko Birnin Kebbi da wuya ka ji wanda zai ce maka shi mai sauraron metal ne, amma kunnuwa da yawa sun san shi, sunansa ne ba su sani ba. Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo ana nuna kokawar Turawa ya ji shi. Kiɗan da ake saki idan ɗan kokawa Triple H zai fito, ya kurɓi ruwa ya fesa sama, na ƙungiyar Motörhead ne, ɗaya daga cikin manyan gidajen wannan kiɗa. Haka ma akan ji metal a wasu wasannin kwamfuta na tsere da harbe-harbe.

Asalinsa

Saiwar metal tana cikin kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka, wanda samarin Ingila suka ɗauka suka yi ta ƙara masa ƙara. Akwai iyakar abin da amfilifaya da lasifika za su iya ɗauka. Idan aka wuce iyakar sai sauti ya dushe, ya riƙa kakkarwa. Mai gyaran rediyo aibi yake kiran wannan, kuma duk wanda ya je taron biki aka ƙure lasifika ya san shi. Waɗannan samari kuwa shi suka shiga nema ido rufe. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga takardar cikin lasifikarsa don ta yi wannan gurnani. Shekara biyu kafin nan Jim Marshall ya fara ƙera amfilifayoyinsa a Landan, waɗanda daga baya aka riƙa jera su kamar bango a bayan makaɗa. Jimi Hendrix da ƙungiyar Cream suka nuna abin da jita za ta iya yi da irin wannan ƙarfi.

A 1968 aka kafa ƙungiyoyi uku da ake jingina wa haihuwar kiɗan: Led Zeppelin, Deep Purple da Black Sabbath. Biyun farko har gobe ana gardamar ko metal ne ko rok mai ƙarfi kawai. Ta ukun ba a cika gardama a kanta ba.

Black Sabbath samari huɗu ne daga unguwar Aston ta birnin Birmingham, garin masana'antun ƙarfe da hayaƙi: Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bes, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mai waƙa. Labarin Iommi ya cancanci a tsaya a kansa, domin wani ɓangare na sautin metal daga yatsunsa ya fito. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe ta aiki a wata masana'antar farantan ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, wato da wannan hannun yake danne tsirkiya. Ya fid da rai da kiɗa, sai shugabansa na wurin aiki ya kunna masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta nakasa wa yatsu biyu amma bai ajiye jita ba. Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera hulunan yatsu, ya lulluɓe su da fata. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don kada su yi masa ciwo. Tsirkiya idan ta saki, muryarta ƙasa take yi, ta yi kauri. Mai garaya ko gurmi ya san haka. A faifan Black Sabbath na uku, na 1971, wannan kauri ya fito sosai, kuma dubban makaɗa masu lafiyayyun yatsu suka bi sahu.

Faifansu na farko ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ranar haihuwar metal. Sunan ƙungiyar daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka samo shi, bayan sun lura cewa mutane na biyan kuɗi a silima don a tsorata su. Suka ce to me zai hana a yi kiɗan da zai yi wannan aikin. Shi kuwa sunan heavy metal, an ji kalmomin a wata waƙar ƙungiyar Steppenwolf ta 1968 inda ake kwatanta rugugin babura, sannan marubutan mujallun kiɗa na Amurka suka fara liƙa wa irin wannan kiɗa sunan a farkon shekarun 1970, sau da yawa da nufin kushe.

Yadda aka gina shi

Wanda ya ji metal karon farko zai rantse hayaniya ce zalla. Ba haka ba ne, tsari ne mai tsauri. Ginshiƙinsa shi ne abin da ake kira rif: gajeren kari da jita ke maimaitawa, wanda waƙar duka ke tafiya a kansa, kamar yadda waƙar makaɗan fada ke komawa ga gindinta bayan kowane ɗa. Makaɗi kan danna tsirkiya biyu ko uku kawai, domin idan ya haɗa sautuka da yawa cikin gurnani sai su cakuɗe. Yakan kuma ɗora gefen tafinsa a gindin tsirkiyoyin don sautin ya riƙa fita a daddatse, kamar sukuwar doki. Akwai wata tazara tsakanin sautuka biyu da ba ta kwanta wa kunne, wadda malaman kiɗan Turai na da suka yi wa laƙabi da "shaiɗan cikin kiɗa". A kanta aka gina waƙar farko ta faifan farko na Black Sabbath.

Mai ganguna a zaune yake, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki, kuma a metal ƙafafun ne abin kallo, domin da su yake jero duka kamar injin niƙa. A tsakiyar waƙa akan bar wa mai jita fili ya nuna gwaninta shi kaɗai. Nan ne tasirin kiɗan gargajiyar Turai yake fitowa, musamman a hannun irin su Ritchie Blackmore na Deep Purple. Murya kuwa iri-iri ce: akwai mai tashi sama siririya kamar ta Rob Halford na ƙungiyar Judas Priest, akwai mai kaushi kamar ta Lemmy na Motörhead, akwai gurnanin da ko Bature sai ya duba rubutun waƙar kafin ya san me aka ce.

Mutumin Zamfara yana da mabuɗin fahimtar wannan kiɗa a gida. Kiɗan maza, wato na tauri da farauta da dambe, ba don a kishingiɗa a saurara ake yinsa ba. Don jiki ya tsima ake yinsa. Wanda ya ga yadda ɗan tauri ke zabura idan aka kaɗa masa takensa, irin kiɗan da Kassu Zurmi ya yi suna da shi, ba zai yi mamakin ganin dubban samari suna kaɗa kai sama da ƙasa, suna bangazar juna a gaban dandamali ba. Babu wata alaƙar tarihi tsakanin kiɗan biyu, kwatance ne kawai, amma jijiya ɗaya suke taɓawa. Bambancin shi ne ɗan tauri wuƙarsa ta gaske ce. Su kuwa can, dokar turereniyar ita ce duk wanda ya faɗi a ɗaga shi.

Yaɗuwa da rassa

Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, suka rage ɗanɗanon blues, suka sa jita biyu a gaba, suka kuma kawo shigar baƙar fata mai ƙusoshi da ta zama tufar kiɗan. Motörhead da Iron Maiden duk a 1975 aka kafa su. Alamar nan ta ɗaga manuniya da ƙaramin yatsa, Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta bayan ya maye gurbin Ozzy a Black Sabbath a 1979. Ya ce a wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi don kau da kambun baka.

Shekarun 1980 ne kasuwar ta buɗe. A 1983 faifan ƙungiyar Quiet Riot ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faifai na mujallar Billboard ta Amurka. A Los Angeles aka yi yayin masu tara gashi da kwalliya, kiɗansu mai sauƙin shiga rediyo. Wasu samari suka ga an yi laushi, suka fito da thrash mai gudu da zafi: Metallica, Slayer da Anthrax a 1981, Megadeth a 1983. Daga nan rassan suka yi ta tsagewa, death metal a jihar Florida, black metal a ƙasar Norway, doom mai jan ƙafa, nu metal mai gauraye da rap a ƙarshen shekarun 1990. Masu sauraro na iya kwana suna musun reshen da wata ƙungiya take, kamar musun 'yan ƙwallo a majalisa. A yau cibiyar kiɗan ta fi ƙarfi a arewacin Turai. Bikin ƙauyen Wacken na Jamus, da aka fara a 1990, yana tara dubun dubatar mutane kowace shekara, kuma a 2006 ƙungiyar Lordi ta ciyo wa Finland gasar waƙa ta Eurovision sanye da fuskokin dodanni.

Zargi

Tun ranar farko ake jifan metal da zargin bautar shaiɗan da lalata tarbiyya. A gaskiya yawancin abin wasan kwaikwayo ne. Butler, wanda ya rubuta akasarin waƙoƙin Black Sabbath, a gidan 'yan Katolika ya tashi, kuma waƙoƙinsa sun fi karkata ga gargaɗi a kan yaƙi da ƙwaya da mugunta. A 1985 majalisar dattawan Amurka ta yi zaman sauraro a kan kalmomin waƙoƙi, abin da ya kai ga liƙa tambarin gargaɗin iyaye a jikin faifai. A 1990 aka gurfanar da Judas Priest a birnin Reno bisa zargin cewa wani ɓoyayyen saƙo a faifansu ya tura samari biyu harbin kansu. Kotu ta wanke su. Irin wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kebbi, inda aka daɗe ana tambayar ko Gambo mai waƙar ɓarayi zuga su yake yi ko labarinsu yake bayarwa.

Sai dai ba duka ne wasa ba. A Norway, farkon shekarun 1990, wasu 'yan black metal sun ƙone coci-coci, har da tsohuwar cocin katako ta Fantoft a 1992. A 1993 Varg Vikernes ya kashe abokin kiɗansa Euronymous, aka yanke masa shekara 21. Akwai kuma tsirarun ƙungiyoyi masu wa'azin wariyar launin fata. Illar da ta fi tabbata ga kowa ita ce ta kunne: sautin da ya haura desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) yana cutarwa idan aka daɗe a cikinsa, taron metal kuwa yakan wuce 100. An auna Deep Purple a 117 a Landan a 1972.

Afirka da ƙasashen Musulmi

A Masar an kama gomman matasa masu sauraron metal a 1997. A Maroko kotun Kasabalanka ta ɗaure mutum 14 a 2003, hukuncin da ya jawo zanga-zanga har aka sassauta. A Indunusiya kuwa tsohon shugaban ƙasa Joko Widodo bai taɓa ɓoye son kiɗan ba, kuma 'yan mata uku masu hijabi da suka haɗu a wata makarantar Islamiyya a Garut, ƙungiyar Voice of Baceprot, sun yi wasa a bikin Glastonbury na Ingila a 2024.

A kudu da Sahara, Botswana ce ta yi fice, da ƙungiyoyi irin su Wrust, Skinflint da Overthrust, da masoyansu masu shigar baƙar fata da malafar makiyayan Amurka cikin zafin Kalahari. Mafi kusa da mu ita ce Arka'n Asrafokor ta birnin Lome a Togo, masu waƙa da harshen Ewe, suna haɗa jita da gangunan mayaƙan gargajiyarsu. A Nijeriya masu sauraron tsiraru ne, yawanci ta intanet suke haɗuwa.

Ranar 5 ga Yulin 2025 mutum huɗun nan na Black Sabbath suka sake haɗuwa don wasan bankwana a filin ƙwallon Villa Park, a unguwar Aston da suka taso. Metallica da Slayer na cikin waɗanda suka share musu fage. Ozzy, wanda cutar karkarwa ta hana shi tsayuwa, a kan wata baƙar karaga ya yi waƙarsa. Ya rasu ranar 22 ga watan, kwana 17 bayan wasan.