Wai "tauraron ɗan adam ya nuna ƙasa ta yi kore", me ake nufi ne?

Tun da damina ta faɗi nake jin maganar nan a rediyo, duk ɗan siyasar da ya dasa dogon yaro goma sai ya ce ai tauraron ɗan adam ma ya shaida ƙasarmu ta yi kore, wani har ya ƙara da NDVI don a san ya yi boko. To jama'a, tauraron nan fa ba ganye yake gani ba, haske yake aunawa. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da infurared wanda idonmu ba ya gani, sai a gwada biyun a fitar da lamba tsakanin -1 da 1. NDVI ɗin kenan. Lambar nan ba ta san gero ba, ba ta san ciyawar banza ba.

Ku je fadamar Haɗeja ku ga kachala, doguwar ciyawar nan da ke cike ruwa. Daga sama kore shar, gwanin sha'awa, amma a tambayi masunci ko mai shinkafar da ta toshe wa hanyar ruwa, ga kuma jan baki da ke kwana a cikinta.

Shi ya sa masu binciken abin ba sa zama ofis. A arewacin Alaska, wajen tashar bincike ta Toolik, inda ƙarƙashin ƙasa ke daskare shekara da shekaru, ba bishiya sai gansakuka da gajerun tsirrai, da ƙafa suke shiga da na'ura a goye, da tsakar rana, su fara auna wani farin faranti don saita ta, sannan su bi tsirran taki-taki, gajimare na giftawa a koma kan farantin, ga sauro kamar ya ɗauke mutum. Duk wannan wahalar don ruwa kwance da gansakuka suna rikita lambar da ta zo daga sama.

Kuma koren can ba abin guɗa ba ne. Daga 1979 zafin yankin Arctic, wato ƙurewar arewacin duniya, ya ƙaru kusan ninki 4 na sauran duniya, tsirrai suka yi tsawo suna leƙowa saman dusar ƙanƙara. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken rana, baƙin reshe kuwa shanyewa yake, zafi ya daɗu.

Ni dai mai cewa Jigawa ta yi kore, ya zo in raka shi Guri, ya nuna mun wanne koren yake nufi.